Gaisuwar Suruki a Bayan Saniya

Duk abin da ake kira wayewa a ƙasarmu a kan abu ɗaya yake tsaye: mutum ya san inda zai ajiye idonsa da lokacin da zai kai gwiwarsa ƙasa. Dauloli sun tashi sun faɗi, Turawa sun zo sun tafi, an yi soja an yi farar hula, an kawo rediyo an kawo wayar hannu, amma har gobe ba a sami wanda ya kalli surukinsa ido cikin ido ya ci gaba da zama mutum a garinsu ba. Masana sun cika ɗakunan karatu da littattafai a kan sarauta da fatauci da yaƙi, sun manta da ginshiƙin da ke riƙe da rufin, wato durƙuson da namiji ke yi tun daga nesa in ya hango uban matarsa. Ina faɗin haka ne da ikon wanda ya gwada ƙarfin ginshiƙin da kansa, a wurin da bai dace a gwada shi ba.

Ni malamin ciyawa ne. Abin da na karanta ke nan a digiri na biyu, kula da wuraren kiwo: wace ciyawa ke fita a fako, wacce ke son fadama, yaushe fili ke gajiya da kofato, yaushe za a ɗauke masa shanu ya huta. Ilimi ne mai ladabi, wanda za ka iya karantawa gaban kakarka. Gamba da kyasuwa da harkiya suna hayayyafa, babu shakka, amma iska ce ke yi musu hidimar, kuma ba a tambayar malami yadda aka yi.

Da wannan ilimin na daɗe ina koyar da aikin gona a wata sakandare a Jega, ina zana tumbin saniya a allo ga yaran da hankalinsu ke kasuwa. Da rani in taya yayana aikin albasa a Aliero, har abokai suka ce a kan warin albasa zan yi digiri na uku. Duk sanarwar neman malaman jami'a da ta fito sai na bi ta. Na zauna a barandu da yawa da takardu a cinya, tare da waɗansu masu nema da muka saba har muna tambayar juna iyali. Da Allah ya yi aka ɗauke ni, a sashen kimiyyar dabbobi, a kan gwaji aka ɗauke ni: in yi wa'adi ana kallona, in an gamsu a tabbatar da ni, in ba a gamsu ba a sallame ni. Ni kuwa na riga na yi bankwana da sakandare, bankwana mai lemo da jawabi, inda na yi wa tsofaffin abokan aikina nasiha a kan haƙuri. Ga matata da cikin na biyu. Hanyar komawa tana nan, amma ba wadda mutum zai bi da rana ba ce.

Zangon farko ya wuce lami lafiya, ina ta ciyawata da 'yan aji ɗaya. A zango na biyu ne malamin da ke koya wa 'yan aji uku hayayyafar dabbobi ya sami tafiya ƙarin karatu, ya bar kwas ɗinsa maraya. Shugaban sashe ya kira ni ofis. Dattijo ne ɗan ƙasar nan, mai tabarau a kan hanci, wanda ba ya ɗaga murya don bai taɓa bukata ba.

"Kai ne ƙarami, kai za ka ɗauka," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ni fa na ciyawa ne."

"To wa ke cin ciyawar?"

Na karɓi kwas. Ban damu sosai ba, don na karanta abin a digirin farko, na kuma taɓa sa hannu a aikin lokacin bautar ƙasa. Na kwashe littattafai na sake bi. Abin da ban bi ba shi ne su wane ne 'yan aji ukun.

Surukina ma'aikacin dabbobi ne a Maiyama, mutumin Giwa Tazo, dogo, siriri, mai tsadar magana. Difloma gare shi tun zamanin da difloma ke sa a ba mutum mata. Sai zamani ya juya, aka riƙa kawo yara masu digiri ana ɗora masa a kai, yana nuna musu inda makullin ofis yake. Da abin ya ishe shi, ya nemi gurbi a jami'a da furfurarsa. Na san yana makarantar, shi ma ya san ina ciki, kuma ba tare da mun taɓa zancen ba mun raba filin tsakaninmu: yana ajiye babur ɗinsa ƙarƙashin dogonyaro ta gabas, ni ina shiga ta yamma. Na ɗauka an gama.

Ya kamata in bayyana yadda muke da shi, saboda 'yan bana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci yana kallo ba, ban taɓa zama kan abin da ya fi tabarma tudu a gabansa ba. Takalmana a ƙofar zaure suke kwana in na je gaishe shi. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, har yaran sakandare masu sunan nan "mai sunan Baba" nake ce musu. Hirarmu gaisuwa ce: lafiya, ruwa, gona, dabbobi, sai a yi shiru a saurari kaji. Da matata ta haifi ɗanmu na fari na je gaishe shi, sai ya ce wa bango, "An ce an samu ƙaruwa." Ni ma na ce wa ƙasa, "Haka aka ce." Kai ka ce a hanyar Maiyama aka tsinci yaron.

Ranar laccar farko na shiga aji da alli da taƙama. Ɗaliban jami'a ba sa tashi wa malami, kowa ya sani. Amma mutum ɗaya a tsakiyar aji, ɗan tsohuwar makaranta, wanda aka koya wa tashi da bulala, ya miƙe tsaye ƙyam da farar rigarsa. Na ga hular kafin in ga fuskar. Abin da ɗalibai suka gani kuwa, kamar yadda aka ba ni labari daga baya, shi ne sabon malami ya shigo, ya kai bayan tebur, ya ɓace.

Daga ƙarƙashin tebur na ce, "Baba, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. A tashi."

"Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau suke. Malam, a tashi, aji na."

Shi ba zai zauna ba malaminsa bai ba shi izini ba, ni ba zan miƙe ba surukina na tsaye. Da ba don shugaban ajin ba, wani ɗan Gumbin Kure mai faɗin kafaɗa da bakin tsiya, da har yanzu muna nan. Shi ne ya ce, "To ku yi tare mana. In ƙirga muku?" Aji ya fashe. Baba ya sauka a hankali, ni na taso a hankali, kamar guga biyu a rijiya ɗaya. Na zare takalmana a bayan tebur, na yi laccar da safa. Take na ranar shi ne gabobin haihuwa na sa da na saniya. Na yi magana a kan muhimmancin dabbobi ga tattalin arzikin ƙasa har lokaci ya cika.

Daga nan na shiga dabaru, kuma ina tabbatar wa mai karatu ban taɓa aiki da ƙwaƙwalwata kamar lokacin nan ba. Na gano cewa saniyar da ba ta ƙoshi ba ba ta haihuwa, gaskiya ce da ke cikin kowane littafi, kuma ƙofa ce da ta mayar da ni gida. Makonni muna kan ciyawa. Da ciyawa ta ƙare na koma kan kaji, na fara daga lokacin da aka riga aka saka ƙwai. Na gwada ɓuya cikin Turanci, ina zaɓo dogayen kalmomin da aka aro daga Latin, sai na tuna Baba ya yi firamare lokacin da ake koyar da Turanci da gaske. Rannan na yi ƙarfin hali na zana mahaifar saniya a allo, zane mai kyau, sa'an nan na tsaya a gabansa na tare shi da bayana har aka tashi.

Shi ma a nasa ɓangaren yana iya ƙoƙarinsa. Ya bar tsakiyar aji ya koma bayan wani ginshiƙin siminti, inda ba na ganin komai nasa sai gefen hula da gwiwar hannu tana rubutu. Yana riga kowa shiga, yana bari sai na fita na yi nisa. Ko tari ba ya yi.

Shugaban aji kuwa ya sami abin wasa. Duk lacca sai ya ɗaga hannu da fuskar salihai.

"Malam, wani abu ya shige mini duhu. Ƙaƙa aka gane saniya na biɗar sa?"

"Za mu zo wurin."

"Malam, shi san, wa ka gaya mai?"

"Na ce za mu zo wurin."

"To Allah shi kai mu, Malam. Mu dai mun ƙoshi da ciyawa."

Gwiwar hannun da ke bayan ginshiƙi takan daina motsi har sai an wuce wurin.

A gida ma ban tsira ba. Matata, wadda ta gāji tsawon ubanta ba ta gāji shirunsa ba, ta tare ni ina cin tuwo.

"Malam, wai mi kaka koya ma Baba? Inna ta ce ya cika littafi guda da sunayen haki."

"Tushe nake kafa musu."

"Tushe. Mutumin da tun ban san kaina ba shika dandaƙar bijimai, shika jawo maraƙi da hannu in haihuwa ta gardama? Mi za ka hwaɗi wanda bai gani ba?"

Na ce mata ba sani ne matsalar ba. Na san ya sani, ya san na sani. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya ji shi daga bakin mutumin da ke kwana gida ɗaya da 'yarsa. Ta dube ni, ta dubi cikinta da ya fito, ta ce, "To wanga hwa? Iska ta?" Na ce ta ƙaro mini miya.

Ba a daɗe ba ƙorafi ya kai ofis, don jarrabawa ta matso kuma ɗalibai ba su ga ko ƙofar mahaifa ba. Shugaban sashe ya sake kirana.

"Na ji har yanzu kana kiwo, ba ka koro shanun gida ba."

"Ranka ya daɗe, akwai surukina a ajin."

Ya cire tabarau. "Uban matarka? Wanda ya haife ta?"

"Shi."

"Innalillahi." Ya daɗe yana murza ido, kuma na ga tausayi na gaske a fuskarsa, irin na wanda shi ma yake da zauren da yake cire takalmi. Sa'an nan ya mayar da tabarau. "Ni ma da ni ne, da na gudu. Amma jami'a ba ta da suruki."

Ya ce wa'adina ya kusa, kuma akwai wani farfesa da zai zo daga wata jami'a mai nisa don duba sababbin malamai. Ni a gonar makaranta za a duba ni, ina nuna wa 'yan aji uku yadda ake sa wa saniya irin bijimi da hannu, abin da ake kira barbarar zamani. Abin da farfesa ya rubuta, a kansa za a tabbatar da ni ko a sallame ni.

Na yi tunanin in tura baffana ya sami ƙanen Baba, ya sami Baba, a roƙe shi ya yi zamansa a gida ranar. Amma wanda bai halarci aikin gona ba ba ya cin kwas ɗin, kuma ban da haka, aika irin wannan saƙo daidai yake da in faɗi abin da baki. Ban aika ba. Abin da na yi ya fi wannan muni: na riƙa fatan tayar babur ɗin Baba ta yi faci a hanyar Maiyama, faci ɗan ƙarami, kusa da mai gyara, a inuwa. In na idar da fatan in yi istigfari.

Ranar ta zo da hantsi mai kyau. An riga an yi wa saniyar allurar da ke kawo ta lokacin neman sa, wata farar bokolo mai sanyin hali, an shigar da ita matsatsin ƙarfen da ake tsare shanu. Mai kula da garke ya riƙe kanta. Ɗalibai suka yi da'ira. Farfesan gajere ne mai kuzari, ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa, yana riƙe da alƙalami kamar mai shirin soke wani. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya da wutsiyar ido. Babu farar riga, babu hula. Na ji wani daɗi mai haɗe da tsoron Allah.

Sai bakina ya buɗe. Duk abin da na danne tun farkon zango ya fito a jere, kowace gaɓa da sunanta, da Turanci da Hausa. Na faɗi alamomin saniya mai neman sa, har na dubi shugaban aji na ce, "Ga amsarka, rubuta." Na nuna yadda ake ciro ɗan tsinken iri daga tulun sanyi, a narkar da shi a ruwa mai ɗumi, a ɗura shi cikin siririn bututun ƙarfe. Na zura doguwar safar leda har kafaɗa, na shafa sabulu, na yi bisimilla na shigar da hannun hagu ta duburar saniya, don ta nan ake lalubo bakin mahaifa a riƙe shi, a bi da bututun ta ɗaya hanyar. Na lalubo shi kuwa, yana nan cikin yatsuna kamar wuyan kaza. Farfesa yana gyaɗa kai. A zuciyata har na fara zaɓen labulen ofis.

Wutsiya ce ta ɓata lamarin. Saniyar ta riƙa kaɗa ta tana share mini fuska, sai farfesa ya ce a sami mai riƙewa. Ya ɗaga kai ya duba bayan ɗalibai, can wajen tankin ruwa, ya miƙa alƙalami.

"Kai, dattijo, da ke laɓe can. Kai ka fi su hankali. Zo ka riƙe."

Ashe tun kafin kowa ya zo yake nan, ya sami tankin ruwa ya mai da shi ginshiƙi. Shugaban sashe ya ɗaga kai yana nazarin rufin kwano. Ɗalibai suka dāre. Na ji takunsa a kan tsakuwa, ba sauri ba nawa, har ya iso. Ya kama wutsiyar ya ɗaga ta gefe, ya juya fuskarsa gabas. Hannun rigarsa na taɓa kunnena. Tun da nake ban taɓa kusantarsa haka ba, ko a sahun salla nakan bar mutum biyu tsakani.

Kuma ban gaishe shi ba ranar.

Ina so a fahimce ni a nan: ban yanke shawara ba. Da an ba ƙwaƙwalwata dama, da ta kawo hujjoji daga ilimin jikin dabba a kan abin da ke faruwa in mutum ya sauke kafaɗarsa alhali hannunsa na cikin saniya. Gwiwoyina ba su tambaye ta ba. Sun ga Baba, sun yi abin da aka koya musu. Na tafi ƙasa, hannuna ya karkata sama a cikin baiwar Allah, ta gantsare, ta yi wani kuka da ban taɓa jin bokolo ta yi ba, ta harbi ƙarfe, sa'an nan ta sako duk abin da ta ci tun jiya. Rabi ya bi ta wuyan rigata. Rabi ya sauka a kan farar riga.

Daga can ƙasa, kunci manne da cinyar saniya, na ji bakina yana cewa, "Baba, an tashi lafiya?"

Bai saki wutsiyar ba, bai juyo ba. "Lafiya lau, Malam. Ya aiki?"

"Aiki da godiya. Ya gajiyar hanya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen gida?"

"Suna lahiya. Ya naku wajen?"

"Lafiya lau."

"Madalla."

Gaisuwa ba a yanke ta a tsakiya, sai da muka kai ta ƙarshe. Wurin ya yi tsit, ban da abin da ke ɗiga daga gwiwar hannuna. Sai wani ya shaƙe, sai wata ta toshe baki da hijabi, sai shugaban aji ya tafi da baya ya zube kan tarin harawa yana dukan ƙasa. Na ga wayoyi sun ɗaga. Na ji farfesa yana tambayar shugaban sashe da Turanci, da gaskiyarsa, ko wannan wata dabara ce ta yankin nan da bai ci karo da ita a littafi ba. Shugaban sashe ya ce masa lamari ne na cikin gida.

Na miƙe. Bakin mahaifar ya kuɓuce mini, na shiga lalube. Na kama wani abu da nake zaton shi ne, na zura bututu, na danna. Bayanin ya tsaya inda gaisuwa ta same shi. Har yau in aka rantsar da ni a kan inda na zuba irin nan, sai dai in ce a cikin saniya.

A kwamin shan ruwan shanu muka wanke jiki, shi a wancan bakin ni a wannan, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Na ji yana cuɗa rigar. Can ya ce wa ruwan, a hankali, "Dabba ta, Malam. Haka suke." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce wa nawa ruwan, "Haka ne, Baba." Ya tafi wajen babur ɗinsa da jiƙaƙƙiyar riga, ya bi ta Jega da ita a ranar kasuwa.

Washegari shugaban sashe ya gaya mini yadda suka ƙare da farfesa. Bayani ya yi kyau har zuwa inda ya tsaya. Hannu kuwa farfesa ya ce ba zai iya shaida ba, don bai taɓa ganin an yi aikin daga tsugune ba. Ya so ya rubuta a sallame ni, shugaban sashe ya roƙe shi, suka tsaya a kan a bar wa saniya hukunci. In ta ɗauka, hannuna ya iya. In ta sake neman sa, in nemi tsohuwar kujerata.

Ban taɓa yi wa wata halitta hidima kamar yadda na yi wa saniyar nan ba. Kullum kafin lacca sai na biya na duba ta. Na kai mata dusa, na kai mata kanwa, na bi fadama da lauje na yanko mata ciyawar da na san ta fi kowacce, ilimina ya yi rana a karon farko. Ina tsayawa in zuba mata ido, ko za ta yi wata alama, ita kuma ta dube ni da idon wadda ta san ni fiye da yadda ya kamata. In ta ga na zagaya bayanta sai ta matse wutsiya.

Hoton kuwa ya riga ni zuwa ko'ina. Ni ban taɓa kallonsa ba, amma na san tsawonsa daga dariyar mutane. A kasuwar albasa ta Aliero wani dillali ya hango ni, ya ruga bayan jakinsa ya durƙusa, ya ce, "Malam, an tashi lahiya?" Tsofaffin abokan aikina na sakandare, waɗanda na yi wa nasihar haƙuri, suka aiko a gaya mini ba su ba kowa kujerata ba. Matata ta yi dariya har sai da na ji tsoron cikin, sa'an nan ta share hawaye ta ce Inna ta wanke rigar ta fita, in daina ramewa.

Sauran kwas ɗin na koyar da shi, don babu abin da ya rage a ɓoye. Allo nake fuskanta daga farko har ƙarshe, ɗalibai suka san ƙeyata fiye da fuskata. Gwiwar hannun da ke bayan ginshiƙi ta ci gaba da rubutu. Takardarsa ta jarrabawa na roƙi wani malami ya duba, don ba zan iya karanta waɗannan kalmomi da rubutun hannunsa ba. An ce ya ci.

Da salla ta zo na je Giwa Tazo gaisuwa, ba yadda zan yi. Na cire takalmi, na durƙusa a zaure, muka bi lafiya da ruwa da gona. Ina shirin neman izinin tashi sai ya gyara murya, ya ce wa bango, "An ce ta gonar can ba ta sake nema ba."

Wato yana bibiya. Wato shi ma yana tambayar mai kula da garke. Wannan ita ce magana mafi tsawo da muka taɓa yi da shi a kan hayayyafa, kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce wa tabarma, "Haka aka ce, Baba."

"To Allah shi tabbatar."

Ban san ko saniyar yake nufi ko ni ba, ban kuma tambaya ba.

Da lokacin dubawa ya yi, likitan dabbobi ya sa hannu, a tsaye, ya ce akwai ciki. Aka tabbatar da ni. Farfesa ya bugo waya da kansa ya taya ni murna, ya ce sakamako ya fi salo. Shugaban sashe ya ce tunda hannuna na da albarka, kwas ɗin ya zama nawa har abada, kuma ni nake koyar da shi har yau. Nakan buɗe shi da jawabi a kan cewa ilimi ba ya jin kunya, da cewa aikin da aka yi bisa ƙa'ida ba ya ƙarya ko da mai yinsa ya sha wuya. Ɗalibai suna rubutawa.

Da saniyar ta haihu aka kira ni gona, muka tsaya ni da shugaban sashe muna kallo tana lasar ɗanta. Irin da na sa mata na bijimin Turai ne, baƙi da fari. Maraƙin ja ne wur, irin jan shanun Rahaji da ke kiwo a bayan shingen gonar.